Allon Bangon Gabas

Da sunan Allah nake ci gaba da wannan rubutu, kuma Shi nake roƙo Ya tsare alƙalamina daga ƙari da ragi. Ya ku ƴaƴana, na iso shekarar da na fi jin nauyin ba da labarinta, wato shekarar da Alaramma Isufu ya tashi daga gefena. Na san abin da kuka tsinta a bakin mutanen Dakoro. Wasu sun ce ni na kore shi saboda son a ga fuskata a allo, wasu kuma sun ce shi ya yi fushi don an ba ni girman da ba a ba shi ba. Ko ɗaya ba haka aka yi ba. Zan faɗa muku abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji. Amma hukuncin wanda ya yi daidai tsakanina da shi, kada ku neme shi a wurina, domin har yau ban same shi ba.

Ƙananan cikinku ba su san Alaramma Isufu ba sai a suna. Shi ne mai ja mini baƙi a tafsirin azumi: ya karanta aya da muryarsa, ni in fassara wa jama'a. Tun muna samari muka haɗu a zauren malaminmu, Allah Ya jiƙansa, kuma tun ranar da aka ba ni izinin zama a gaban mutane ban taɓa buɗe tafsiri ba shi a damana ba. Ya san inda numfashina yake ƙarewa. In na yi nisa cikin bayani har na fara ɓata hanya, sai ya yi gyaran murya kaɗan, in dawo. In na gaji, sai ya tsawaita karatu har in huta, ba tare da kowa ya lura ba. Shi Bagobiri ne, ni Bakatsine, saboda haka wasa bai taɓa yankewa tsakaninmu ba. Yakan ce ni bawansa ne da ya saya da araha, ni kuma in ce da ban ɗauke shi aiki ba da har yanzu yana can yana gardama da jakai a Tibiri.

Kun san yadda masallacinmu yake. Maza suna cika cikinsa da rumfar gabansa, mata kuma suna taruwa a babbar farfajiyar nan da ke yamma da shi, hanya ta raba tsakani. Amsa-kuwwa guda aka ɗaura a kan dogon yaro, ita take kai musu karatu, ita kuma suke bi in an tayar da sallar la'asar bayan an tashi. Innarku, Hajiya Habsu, ba ta taɓa fashin zuwa ba. Sai dai tun zazzaɓin da ya kwantar da ita kunnenta ya yi nauyi ƙwarai. A gida tana fahimtar magana ne in ta kalli bakin mai yin ta. A farfajiya kuwa babu bakin da za ta kalla, sai ƙarfe a kan itace. Wata rana na tambaye ta abin da ta riƙe daga karatun yinin, sai ta ce:

“Malam, lada na tafi nema, ba ji ba. In na ga mata sun ɗaga hannu, sai in ɗaga nawa.”

Wannan magana ta zauna mini a zuciya, amma ban san abin da zan yi da ita ba.

A cikin watan Sha'aban na wannan shekara, bazara ta fara zafi, sai ga Laminu ɗan ƙanwata ya zo daga Maradi. A lokacin ya riga ya zama magidanci, sana'arsa kuwa ita ce haɗa allunan telebijin da amsa-kuwwa a wuraren taro. Ya shigo zaure ya tarar da ni da Alaramma, ya gaishe mu, sa'an nan ya zazzage kaya a kan tabarma: kamera mai ƙafafu, da babban allon telebijin da yake kira ekran, da wasu ƴan akwatuna biyu baƙaƙe waɗanda ba su wuce tafin hannu ba, da nannaɗaɗɗiyar waya shuɗiya. Ya ce sadaka ce yake so ya yi wa mahaifiyarsa, Allah Ya jiƙanta, domin matan farfajiya su riƙa ganin mai tafsiri. Ya yi mana bayani cewa wayar hoto ta asali gajera ce, ba ta iya ƙetare ko zauren nan, shi ya sa ake sa akwati ɗaya kusa da kamera, ya juya hoton zuwa abin da zai iya tafiya cikin wayar rezo, irin wadda ake haɗa na'urorin ofis da ita, ɗaya akwatin kuma ya tarbe shi a can, ya mayar da shi hoto.

Alaramma ya ɗauki bakin wayar ya duba ƴan siraran wayoyin da ke cikinta, masu launi-launi, an murɗa su biyu-biyu. Ya ce:

“Laminu, ta nan ciki kawunka zai bi? Da rawaninsa duka?”

“Da rawaninsa, Baba Alaramma.”

“To, Bakatsine dama ba shi da nauyi. Amma hwaɗa mani gaskiya, in an kashe abin, ina fuskar take zuwa?”

“Ba ta zuwa ko'ina, Baba. Ba ajiyewa muke ba. Wucewa take kamar ruwa cikin tiyo.”

“Ruwa in ya wuce, ƙasa na jiƙewa,” in ji Alaramma. Ya ajiye wayar, bai ƙara dariya ba.

Na nemi a ba ni lokaci. Na koma ga littattafan fiƙihu da na gada, na bi babin sura, wato hoto da gunki, tun daga farkonsa. Na samu malamanmu sun tsananta a kan surar da aka sassaƙa, mai jiki, wadda take yin inuwa. Na samu sun sassauta a kan wadda aka zana a shimfiɗe, tare da saɓani a tsakaninsu. Na samu babu wanda ya hana mutum ganin fuska a madubi ko a ruwan rijiya. To wannan abu na Laminu, wanne ne a ciki? Ba shi da inuwa. Ba hannu ya zana shi ba. Ba ya tsayawa kamar zane, amma kuma madubi ba ya ƙetare hanya ya shiga gidan mutane. Duk ƙofar da na tura sai ta buɗe rabi. Daga ƙarshe na ce a gwada, in mun ga ɓarna mu janye. Alaramma ya ce ba zai hana ni ba, sharaɗinsa guda ne: kada idon kamera ya taɓa shi. Aka yi haka. Aka daidaita ta a kaina ni kaɗai, shi kuma buzunsa ya matsa gefe kaɗan.

Ranar da aka ja wayar muna tsaye muna kallo. Aka fito da ita ta tagar masallaci, aka ɗaga ta a kan dogayen sanduna don kada raƙuma da motocin kaya su tsinka ta, aka ƙetare hanya da ita, aka bi bayan shagunan masu hatsi. Da ta iso farfajiyar mata, sai ta ƙare daidai bangon farko, wanda ya fi kusa da masallaci. Laminu ya ce ko da akwai saura ba zai ƙara ba, domin irin wannan waya tana da iyakar da hoto ba ya wucewa lafiya, kuma mun riga mun kai bakin iyakar. Aka buga ƙusa, aka rataye allon a nan, aka jawo masa wuta daga gidan maƙwabci. Bangon nan kuwa shi ne bangon gabas. Malamai biyu muna tsaye a wurin, kowanne ya yi shekaru yana koya wa mutane alƙibla, amma hankalinmu duka yana kan ko hoto zai fito, babu wanda ya duba inda aka rataye shi.

Kwanakin farko na azumin, ban taɓa ganin innarku cikin irin wannan farin ciki ba. Ta riƙa zuwa da wuri tana zama dab da allon. In an sha ruwa sai ta maimaita mini abin da na faɗa, wani wuri daidai, wani wuri ta cike da nata. Har gyara ta fara yi mini.

“Malam, ashe haka kake sosa gemu in aya ta yi maka wuya? Duk matan unguwa sun gane. Kuma rawaninka ya karkace tun daga farko har ƙarshe, na rasa inda zan sa kaina.”

Labari ya bazu. Tsofaffin mata masu nauyin kunne, waɗanda suka daɗe da daina zuwa, suka dawo. Har daga Korahane aka riƙa kawo wasu a amalanke. Ni kuwa a cikin masallaci sai na rasa wa nake yi wa magana. In na dubi mazan da ke gabana, sai in tuna akwai wasu idanu a bayan wancan ɗan gilashi. In na dubi gilashin, sai in ga ina yi wa ƙarfe wa'azi. Sau da yawa Alaramma ya yi gyaran murya a kwanakin nan.

Ƙa'idar da muka kafa ita ce, da zarar an shafa addu'ar tashi, a kashe kamera kafin a tayar da salla. Laminu ne yake yi da hannunsa. Da aiki ya kira shi Maradi, sai ya nuna wa ladaninmu inda ake dannawa. Wata rana a tsakiyar watan na ja bayani ya yi tsawo, lokaci ya ƙure, ladan ya miƙe a gaggauce ya tayar da iƙama, ya manta. Na juya na ba jama'a baya na ja salla. Matan farfajiya suka yi sahu kamar kullum, suna fuskantar gabas, ga kuma bayana a allo a gabansu, ina ruku'u ina sujada. Da na yi sallama, na juyo na fuskanci mutane kamar yadda liman yake yi. A daidai wannan lokaci akwai matan da suka makara, suna rama abin da ya wuce su. Suka kai goshinsu ƙasa, fuskata kuma ta cika allon a saman kawunansu. Ni ban san an yi ba. Kafin a sha ruwa, magana ta zagaye Dakoro cewa mata sun yi wa hoton Malam sujada.

Da hantsi Alaramma ya zo zaurena. Bai kira ni bawansa ba. Ya zauna, muka gaisa gaisuwa cikakkiya kamar baƙi, sa'an nan ya ce:

“Ɗiyata na cikin waɗanda suka makara. Ita ta hwaɗa mani, tana kuka.”

Na ce: “Kuskure ne, Alaramma. Babu wadda ta yi niyyar sujada ga wanin Allah. Kai ma ka sani.”

“Na sani. Waɗannan ba su yi niyya ba. Amma ni da kai mun karanta yadda mutanen farko suka ɓata. Ba da gunki suka fara ba, da surar mutanen kirki suka fara, don su riƙa tunawa da su. Yau kana raye, kana iya hanawa. Ranar da ka mutu fa? Wani zai ce a sa Malam mu gan shi, mu sami albarka. Wa zai tsaya a ƙofa ran nan?”

Na ce Laminu ya tabbatar mana ba a ajiye komai.

“Laminu ba ya ajiyewa. Wanda zai zo bayan Laminu, ka san shi? Ni dai ga abin da na zo da shi. Na yi alkawarin ja maka baƙi bana, zan cika. Amma in wayar nan ta kai baɗi, ka nemi wani.”

Maganarsa ta shige ni. Na yini ina ganin ya fi ni gaskiya. Na ƙudurta cewa gobe za a sauke allon. Sai dai kafin la'asar aka yi mini sallama, aka ce wata tsohuwa daga cikin matan Korahane tana son ganina. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, tana magana da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin muryar kansa.

“Allah gafarta Malam, an ce za a cire abin nan. Ni ban san karatu ba. Amma shekara da shekaru in na bi jam'i, sai dai in saci kallon ta kusa da ni, in ta duƙa in duƙa, kullum a baya nake. Jiya na ga liman da idona. Ya duƙa na duƙa, ya ɗago na ɗago. Malam, sallata ta jiya, ta yi ko ba ta yi ba?”

Ya ku ƴaƴana, an yi mini tambayoyi masu wuya a rayuwata, na gado da na saki da na jini, amma ban taɓa daskarewa kamar ranar nan ba. Malamanmu sun ce mai bin liman yana iya binsa da jin muryarsa ko da ganin motsinsa, ko da hanya ta raba su. To wannan baiwar Allah ta gani ne, ko ba ta gani ba? In na ce ta gani, na yarda cewa wanda ke cikin allon ni ne, kuma ni ne waɗancan suka kai goshi ƙasa a gabana. In na ce ba ni ba ne, haske ne kawai, to babu abin da Alaramma zai ji tsoro, amma ita kuma haske ta bi. Na ce mata sallarta ta yi, domin ta kasance cikin sahu tare da masu ji. Ta tafi tana godiya. Ni ta bar ni a inda ban san gabas ba.

Na aika aka kira Laminu. Na ce a mayar da allon bangon arewa, inda ba ya gaban mai salla. Ya ce:

“Kawu, wayar ba ta kaiwa.”

“A ƙara mata.”

“In an ƙara, hoton zai lalace. Sai an sa wani akwati a tsakiya mai ƙara mata ƙarfi, shi kuma babu shi a Maradi yanzu, sai an aiko daga Kano. Ba zai iso kafin salla ƙarama ba.”

Na matsa masa, don girmana ya yi abin da ya san ba zai yi kyau ba. Ya samo guntuwar waya ya haɗa, aka ɗauke allon zuwa arewa. A karatun ranar, innarku ta ce fuskata ta riƙa farfashewa gida-gida kamar zanen tabarma. Wani lokaci in sandare da baki buɗe alhali muryata tana ci gaba a kan dogon yaro, wani lokaci allon ya yi baƙi, sa'an nan in dawo da rabin kai. Yara suka yi ta dariya, wata tsohuwa ta tashi tana neman tsari, ta ce an yi wa Malam sammu. Masu nauyin kunne kuwa ba su tsinci ko kalma ba. Washegari aka cire ƙarin, allon ya koma ƙusarsa ta gabas. Innarku ta kawo wani baƙin zane mai kauri, aka ɗaura igiya, aka sa mata biyu su riƙa rufe allon kafin iƙama, ko an kashe kamera ko ba a kashe ba. Na kai wa Alaramma wannan labari ina tsammanin ya isa. Ya saurare ni har na gama, ya ce:

“Zane, hannu ke sauke shi, hannu ke ɗaga shi.”

Goman ƙarshe ta shigo ina cikin wannan hali. Na yi istihara ba sau ɗaya ba, ban ga komai ba, zuciyata kuma ba ta karkata ko'ina ba. In na zauna da Alaramma sai in ga tsoronsa tsoro ne na masu ilimi. In na shigo gida na ga innarku tana jiran lokacin tafiya farfajiya da mayafinta a kafaɗa tun azahar ba ta yi ba, sai in ga ban da ikon karɓe mata wannan. Ita da kanta ta lura. Wata safiya ina alwala ta tsaya a kaina ta ce:

“Malam, in don ni ne, a cire. Na ji na bana, ya ishe ni. Isufu ya riga ni zama kusa da kai.”

Na ɗago na dube ta don ta ga bakina, na ce ba don ita kaɗai ba ne.

“To don wa? Kada ka ɗora wa tsofaffin Korahane. Kai ne mai hukunci, ka yi hukuncinka.”

Hukuncin da na yi shi ne na bar wayar. Hujjata a lokacin ita ce, amfanin da ke gabana tabbatacce ne, ina ganinsa da ido, ɓarnar da Alaramma yake tsoro kuwa ba ta zo ba tukuna, kuma ban sami nassin da zan riƙe in hana kurame abin da Allah Ya kawo musu ba. Na faɗa masa haka a kan hanyarmu ta zuwa masallaci. Bai yi gardama ba. Ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, na ce amin, muka shiga. Ya ja baƙi a sauran kwanakin da murya wadda ban taɓa jin ya yi mai kyanta ba. Ranar rufewa, bayan an yi addu'a mutane suna ta musafaha, sai na ga ya duƙa ya naɗe buzunsa. Buzun nan a masallaci yake kwana tun kafin a haifi babbanku, har gurbinsa ya fito a daɓe. Ya saɓa shi a kafaɗa ya fita ta ƙofar kudu. Bayan salla ƙarama ya kwashe iyalinsa ya koma Kornaka wurin babban ɗansa.

Na sami wani mai jan baƙi, mahaddaci ne, mai ladabi, ba ni da abin da zan ce a kansa sai alheri. Amma in na ɓata hanya cikin bayani, shiru yake yi yana jira, don yana ganin girmana. Daga shekarar nan tafsirina ya ragu, ni na sani ko da mutane ba su faɗa ba. Akwatin da Laminu ya yi magana ya iso bayan damina. Aka sa shi a shagon wani mai hatsi a tsakiyar hanya, aka ja sabuwar waya, allon ya koma bangon arewa, hoto ya fito garau. Da na ga haka sai na ce abin da ya raba mu ya kau. Na shiga motar kasuwa na tafi Kornaka.

Na same shi a ƙofar gida a ƙarƙashin rumfar zana, yana sauraron haddar wasu magidanta. Da ya hango ni ya miƙe, ya rungume ni, ya ce wa mutanen:

“Ku ba shi wuri, bawana ne da ya ɓace, yau ya gane gidan ubangijinsa.”

Aka kawo fura. Muka yi taɗin gero da na ruwan bana, da waɗanda suka rasu a Dakoro, ya tambayi kowannenku da sunansa. Da azahar ta yi ya tura ni gaba in yi limanci, na ƙi, ya ja mu. Sai da muka dawo rumfa na ce masa an mayar da allon arewa, babu mai salla da zai sake fuskantarsa, kuma wurinsa yana nan ban bari kowa ya shimfiɗa komai a kai ba. Ya daɗe yana juya ludayi a cikin ƙwarya.

“Wayar tana nan?”

“Tana nan.”

Ya gyaɗa kai. Can ya ce:

“Habsu tana ji yanzu?”

“Tana ji. Har gyara take yi mani.”

“To, alhamdu lillahi,” in ji shi. “Sha furarka, Bakatsine, kada ta tsinke.”

Na sha. Ya raka ni tasha yana riƙe da hannuna, bai saki ba sai da direba ya yi mana magana. Na zauna kusa da taga ina jira ya ƙara ko da kalma ɗaya, wadda zan gane ko hamdalar nan yarda ce da abin da na yi, ko kuwa murna ce kawai ya yi wa innarku. Mota ta tashi, ya ɗaga mini hannu, ya juya ya nufi gida.